Kasuwar kwantan kayan dizaina a intanet

Kasuwar kwantan kayan dizaina wani ɓangare ne na cinikin sutura a intanet, inda ake saida riguna da takalma da jakunkunan manyan gidajen yayi irinsu Prada, Armani da Dolce & Gabbana a ƙasa da kuɗin da aka yanka musu tun farko. Ba jabu bane, ba kuma gwanjo bane, sabbi ne fil da takardarsu a jiki, kawai dai lokacinsu ne ya wuce basu samu mai saye ba.

Asalin abin daga yadda gidajen nan suke fidda kaya ne. Sau biyu ne manya a shekara, na zafi da na sanyi, kuma shaguna suna yin odarsu ne tun watanni kafin lokacin ya zo, to duk iya lissafin ɗan kasuwa sai wani abu ya yi kwantai. Matsalar kuma ita ce su waɗannan kamfanoni suna ne suke saidawa fiye da yadi, in aka saba ganin kayansu a karye to darajar ta zube. Shi yasa wasu har ƙonawa suke yi. A 2018 aka gano a rahoton kamfanin Burberry na Ingila cewa ya lalata kaya na fam miliyan 28.6 a shekara ɗaya, harda turare da kayan kwalliya, mutane suka yi ta Allah wadai sai da kamfanin ya ce ya daina. Gaskiya abin akwai ciwo, ga masu neman abin rufe jiki ga sutura ana cinna mata wuta. Faransa ma daga baya ta yi doka a 2020 da ta hana lalata irin kayan nan da ba a saida ba.

Wanda ya yi fice da wuri a harkar shi ne Yoox, wanda Federico Marchetti ya kafa a Italiya a 2000, da rumbun ajiyarsa kusa da Bologna. Yana karɓar ragowar kayan bara daga kamfanoni da shaguna ya ɗau hotonsu ɗaya bayan ɗaya ya zuba a shafi, har ya shiga kasuwar hannun jari ta Milan a 2009. A waccan shekarar ta 2000 dai Natalie Massenet ta buɗe Net-a-Porter a Landan, ita sabon yayi take saidawa a cikakken farashi, sai a 2009 ta buɗe The Outnet don kwantai. Yoox da Net-a-Porter sun haɗe a 2015, kamfanin kayan alatu na Richemont mai Cartier ya mallake su duka a 2018, a 2025 kuma suka koma hannun Mytheresa na Jamus.

Faransawa tasu dabarar daban ce. Vente-privee da aka fara a 2001, yanzu sunansa Veepee, sai ka yi rajista kafin ka ga kaya, kuma rangwamen na 'yan kwanaki ne a rufe. Hakan ya yi wa masu kayan daɗi saboda an rabu da kwantai ba tare da kowa ya ga an karya farashi a fili ba.

Su kuwa masu farautar araha abinsu sai haƙuri. Mutum zai ga riga ya ajiye ta a jerin abin da yake so, ya yi ta leƙawa har a sake rage mata kuɗi, musamman watan Janairu da Yuli da ake share kaya a Turai, ko lokacin Black Friday a ƙarshen Nuwamba, amma fa sau da yawa guda ɗaya ce ta rage, kana jira wani ya ɗauke. Sayis ma wani rikici ne, kwat ɗin maza mai lamba 48 a Italiya ita ce 38 a Ingila, rigar mata 42 ta Italiya kuma 38 ce a Faransa, kuma galibi abin da ke kwantai ko ƙarami sosai ne ko babba sosai. Sai batun tsohon farashin da ake ja wa layi a rubuta sabo a gefe, ba kullum ne aka taɓa saida kayan a wancan kuɗin ba, akwai ma kayan da tun asali don shagon rangwame aka ɗinka su da yadi mai sauƙi, sunan ne dai ɗaya. Nan ne maganar araha bata ado take fitowa. Wanda zai yi oda daga Kano ko Yamai kuma sai ya haɗa da kuɗin aike da na kwastan da canjin dala, wani lokaci su cinye rangwamen tas, in kuma bata yi masa daidai ba maidawa wata wahalar ce.

Gefe ɗaya akwai gwanjon manya, wato kayan da aka sa aka sake saidawa, a Vinted na Lithuania da aka fara a 2008, Vestiaire Collective na Paris a 2009, da The RealReal na Amurka a 2011. A nan jabu ne babban abin tsoro, shi yasa ake ɗaukar ma'aikata masu duba ɗinki da zif da lambar jaka, duk da haka Chanel ta kai The RealReal kotu a 2018 tana zargin an saida jakunkunanta na bogi.

Ribar harkar dai bata kai ƙyallinta ba. Hoto, ajiya, aike da kayan da ake maidowa duk kuɗi ne, ga manyan gidajen yanzu sun fi son saida kayansu a nasu shafin. Farfetch, shafin saida kayan dizaina da José Neves ya kafa, ya kusa durƙushewa a ƙarshen 2023 sai da Coupang na Koriya ta Kudu ya ceto shi da dala miliyan 500, takwaransa Matches na Landan kuwa bai tsira ba, a Maris ɗin 2024 ya karye.