In an cire wuri daga jerin Superfund, gubar ta tafi ke nan?

Wane jeri ne wannan?

A watan Disamba na 1980 shugaban Amurka Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da aka fi sani da Superfund. Ta ba hukumar kare muhalli ta ƙasar, wato EPA, ikon tsabtace wuraren da masana'antu suka jibge sinadarai masu guba, kuma wanda ya ɓata wurin shi zai biya. Wuraren da suka fi haɗari akan auna su, wanda makinsa ya kai 28.5 ya cancanci shiga jerin waɗanda za a fara kula da su. Jerin farko a 1983 ya ƙunshi wurare 406. Yau sun haura 1,300.

Me ya jawo dokar?

Unguwar Love Canal, a garin Niagara Falls na jihar New York. Kamfanin Hooker Chemical ya binne kusan tan 21,000 na dattin sinadarai a wata tsohuwar magudanar ruwa, ya rufe da ƙasa, sannan a 1953 ya sayar wa hukumar makarantu filin a kan dala ɗaya tak. Aka gina makarantar firamare, gidaje suka kewaye ta. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, baƙin ruwa mai wari ya fara tsattsafowa a gidajen mutane. A 1978 aka ayyana dokar ta-ɓaci, aka kwashe ɗaruruwan iyalai.

To, ta yaya ake cire wuri?

Sai EPA ta gamsu cewa babu sauran aikin gyara da ya rage: ko dai masu laifin sun kammala abin da aka ɗora musu, ko an gama aikin da kuɗin asusun da dokar ta kafa don irin wannan gyara, ko kuma bincike ya nuna wurin ba shi da wani haɗari na a-zo-a-gani. Dole gwamnatin jihar ta amince. Daga nan a buga sanarwa a jaridar gwamnatin tarayya, a ba jama'a kwana 30 su faɗi ra'ayinsu. Tun 1995 ana iya cire wani ɓangare na fili kaɗai, misali a saki ƙasar da aka gama gyarawa alhali ana ci gaba da tace ruwan da ke ƙarƙashinta, wanda shi ne yakan ɗauki shekaru aru-aru.

Ke nan gubar ta ƙare?

Ba lallai ba, kuma nan ne kalmar cirewa take yaudarar mutane. An cire Love Canal a 2004, amma dattin yana nan inda yake. An dai lulluɓe shi da murfin laka da roba mai kauri, an kewaye da waya, an kuma shimfiɗa bututun da ke tara gurɓataccen ruwa ana tacewa. Wani ɓangaren unguwar ma an sauya masa suna zuwa Black Creek Village, mutane sun dawo. Duk inda aka bar guba a binne haka, doka ta wajabta a sake duba wurin duk bayan shekara biyar.

Akwai inda aka kawar da ita ɗungurungum. A Times Beach ta jihar Missouri, ƙona ƙasar da sinadarin dioxin ya gurɓata aka yi. An cire wurin a 2001, yanzu filin shaƙatawa ne, sai dai garin kansa ya riga ya watse.

Wa ke amfana da cirewar?

Masu gidaje da filaye, don kuwa mai saye ba ya son jin sunan jerin, bankuna ma haka. Ita ma hukumar tana son adadin ya yi kyau a rahotonta, shi ya sa mazauna kan yi ɗari-ɗari in sun ga ana gaggawa. A ganina suna da hujja.

In matsala ta sake ɓullowa fa?

Wurin bai rasa haƙƙin samun kuɗin asusun ba, kuma ana iya mayar da shi cikin jerin ba tare da an sake auna makinsa ba.