Ma'anar "yoyon fitsari", da mazan da aka manta da su

Duk watan Mayu kalmar nan takan cika gidajen rediyo a Kumasi, saboda 23 ga wata ce ranar yaƙi da yoyon fitsari ta duniya. Bana na ji wani mai gabatarwa yana cewa ciwon mata ne zalla, wani kuma duk mai ɗiga a wando sai ya liƙa masa sunan. Dukansu sun kauce.

A duba kalmar tukuna. Tulu ne ke yoyo, rufin kwano ne ke yoyo da damina. Abu ba ya yoyo sai ya huje inda bai kamata ba. Famfon da ya ƙi rufuwa zuba yake yi, babu huji a jikinsa. Haka likitoci suka rarrabe: matar da doguwar naƙuda ta huda wa mafitsara, yoyo gare ta, wadda fitsari ke kufce wa in ta yi tari, kasa riƙewa ce, maganinta daban.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne batun maza. Cikin yara maza 200 zuwa 300 akan sami ɗaya da ƙofar fitsarinsa ta fito a ƙarƙashin gabansa maimakon a kai. Ana yi masa tiyata yana ƙarami, a ɗinka masa sabuwar hanya. Wani ɗinkin ya kama, wani ya bar ɗan huji, wani kuma tabo ya riƙa tsuke hanyar a hankali, ba a farga ba sai bayan balaga. Kaciya ma, in wuƙa ta zarce, a hannun wanzami ko a asibiti, tana barin irin wannan huji.

Na san wani tela a unguwar Aboabo da ke Kumasi, ya haura arba'in. In ya tsuguna, fitsari ta wuri biyu yake fita. Wando na musamman ya ajiye ƙarƙashin keken ɗinki don sallah kawai. Shekara da shekaru ana ce masa "sanyi" ne, yana ta shan sassaƙe, ba wanda ya taɓa tambayarsa aikin da aka yi masa yana yaro.

Likita na iya ɗinke huji ko mutum ya girma. Tsukewa ce abin tsoro: fitsari ya koma siriri sai da nishi, saura ya kwanta a mafitsara, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, har ƙoda ta taɓu. In kana fama da irin wannan, akwai likitocin mafitsara a asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi. In mahaifiyarka na raye, tambaye ta aikin da aka yi maka kafin ka je, don likita zai so ya ji.