Wai mene ne wannan horon jure sauyin yanayi da ake ta turo fom ɗinsa?

Kwanan nan kowane guruf ka leƙa a WhatsApp sai ka ga an turo fom, wai ana ɗaukar matasa tirenin kan jure sauyin yanayi, mutane na ta tambaya shin dashen itace ne ko wani tallafi za a raba. To ba tallafi ba ne, dashen itacen ma ɗan ɓangare ne kawai.

Harkar kashi biyu ce. Akwai rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, wannan kam yawanci nauyin ƙasashe masu manyan masana'antu ne. Na biyun shi ya fi shafarmu: damina ta riga ta rikice, zafi ya ƙaru har mu nan Jos da ake mana kirari da sanyi, to ya za a yi gona da gida da unguwa su tsira a haka? Horon shi ne a koya wa mutum wannan ya zama aikin hannunsa, malamin gona ne ko injiniya ko ma'aikacin lafiya.

Ɗauki manomin dankalin turawa a Bokkos ko Mangu. Idan ruwa ya jera kwanaki ga hazo ga sanyi, sai ka ga ganye ya fara ɗigon baƙi, ka juya bayansa ka ga fari-fari kamar an barbaɗa gari, kafin ka ankara gonar ta ƙone ƙurmus. Wanda aka horar da gaske ba ya jiran ya ga ɗigon, yanayin sama yake kallo ya yi feshi tun kafin cutar ta shigo, ya ɗaga kunya don kar ruwa ya kwanta, kuma ya san irin da zai nema, ga tashar binciken dankali nan a Kuru. Sannan NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke, ina za a samu ɗan fari a tsakiya, amma da yaren masana yake fitowa, wa zai zauna ya warware wa manomi ya ce kar ka yi shuka da ruwan farko, ka dakata? Ai wannan kaɗai ma sana'a ce. Haka masu noman rani a bakin tsoffin kududdufan haƙar kuza, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 duk wanda ya iya haɗa famfon sola da ban ruwa na ɗigo ba ya rasa aiki.

A cikin gari kuwa maganar lambatu ce da kwalbati da inda bai kamata a yi gini ba. Mutanen Rikkos da Gangare ba su manta ambaliyar 2012 ba.

Ta ɓangaren gwamnati akwai dokar sauyin yanayi da aka sa wa hannu a 2021, ga ACReSAL, shirin taimaka wa noma ya jure sauyin yanayi, da kuɗin Bankin Duniya, dala miliyan 700, jihohin Arewa 19 da Abuja, shi ya sa ake neman waɗanda suka iya aikin.

Inda ni nake da ja shi ne wokshop ɗin otel, a zauna cikin sanyin esi a ci abinci a karɓi alawus da satifiket, ba wanda ya taɓa ƙasa da hannunsa, wannan gaskiya taro ne kawai. Kafin ka cike fom ka tambaya za a fita fili ko a'a, kuma wa zai koyar, ya taɓa yin aikin? In suka ce sai ka tura kuɗin rajista ta akawun wani mutum, ka rufe shafin kawai.