Waiwaye: Yadda inci da milimita suka tare a zane ɗaya

Makon jiya wani mai walda a Agege ya dawo min da farantan ƙarfe huɗu, wai noti ya ƙi shiga rami. Muka sa tef, tsakanin rami da rami milimita 100 cif, alhali injin ɗan Amurka ne, tazararsa inci 4, wato 101.6. Ashe yaron da ya yi zanen a AutoCAD, manhajar zane a kwamfuta, ya ɗauki inci a matsayin 25, da na tsare shi sai cewa ya yi "Oga ai duk ɗaya ne." To ba ɗaya ba ne, ga ƙarfe nan ya koma bola.

Shi dai inci gadon Turawan Ingila ne, da shi suka auna mana layin dogo da filaye. Mita kuwa daga Faransa ta fito a shekarun 1790. Kuma shi kansa incin sai a 1959 Amurka da Ingila da 'yan'uwansu suka daidaita a kan 25.4 daidai, kafin nan kowa da ɗan bambancinsa. Najeriya ta koma mita a shekarun 1970, zamanin da muka sauya hannun tuƙi a 1972 muka bar fam da sule muka kama naira a 1973. Gwamnati ta sauya, makaranta ta sauya, kasuwa kam ko a jikinta. Har yau in ka je Owode Onirin, kasuwar ƙarfe a Legas, rodi za a ce maka 12 ko 16, milimita kenan, amma fayif rabin inci ne, bulo na inci tara ko shida, katako tu-bai-fo, filawud ƙafa takwas da huɗu. Gini ɗaya, harshe biyu. Shi ma fayif ɗin rabin inci suna ne kawai, in ka auna bayansa ya haura milimita 21.

Lokacin zanen hannu abin da sauƙi, mai zane ya san rular da ke hannunsa. Da AutoCAD ya zo a 1982 sai matsalar ta shige cikin kwamfuta ta ɓuya, don ita manhajar lamba kawai ta sani, in ka ja layi ka buga 10 ba ruwanta ko inci ne ko milimita, kai za ka gaya mata, akwai fayil ɗin fara zane acad.dwt na inci akwai acadiso.dwt na mita, kuma yawancin yaranmu duk wanda ya buɗe shi suke kamawa. Shi ya sa za ka jawo zanen famfo daga intanet ka saka cikin naka, sai ka gan shi mitsitsi kamar ƙwayar gero, ya ragu sau 25.4. Wannan ma da dama-dama tunda ido na gani. Wanda ake datse wutsiyar lamba, kamar 25.4 ya koma 25, shi ne mugun.

Manya ma ba su tsira ba, NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter a 1999 saboda ɓangare ɗaya na lissafin ƙarfi da ma'aunin fam, ɗayan kuma da niyutan na tsarin mita.

Ni yanzu ma'auni ɗaya nake zana komai, milimita, in rubuta shi ɓaro-ɓaro a kusurwar takarda, inda kayan na inci ne in kunna DIMALT, saitin AutoCAD mai nuna ma'auni na biyu, incin ya fito a baka kusa da shi. Farantan nan dai ni na biya kuɗinsu.