Hawan jini mai nasaba da homon a tsakanin matasa

Akwai hawan jinin da wata cuta ce ta daban ke haddasa shi, kuma an ƙiyasta shi da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu ciwon. Likitoci kan yi zarginsa idan awon wanda bai kai shekara 30 ba ya tsaya a 140/90 ko fiye, ko kuma magani iri uku ya kasa sauke jinin. Sau da yawa matsalar na tasowa ne daga adirinal, wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, masu fitar da homon, wato sinadaran da ke bin jini suna daidaita aikin jiki.

Ciwon Conn

A 1954 Jerome Conn, likita a Jami'ar Michigan ta Amurka, ya duba wata mata mai shekara 34 da ta daɗe tana fama da hawan jini da raunin gaɓɓai. Ya tarar sinadarin potasiyam ya yi ƙasa ƙwarai a jininta. Da aka yi mata tiyata aka cire ƙari daga adirinal, sai jinin ya sauka. Ƙarin yana fitar da aldostiron ne fiye da kima, shi kuwa wannan homon yana sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ta zubar da potasiyam a fitsari. An daɗe ana ɗaukar ciwon a matsayin wanda ba kasafai ake gani ba. Yanzu an san shi ne kan gaba cikin masu kawo hawan jini mai nasaba da homon. Yawan masu shi dai ana saɓani a kai. Maganinsa tiyata ko ƙwayar spironolactone.

Ciwon Cushing

Harvey Cushing, likitan tiyata ɗan Amurka, ya bayyana shi wajen 1912, ya faɗaɗa bayani a 1932. Yawan kotisol, wani homon da adirinal ke fitarwa, ne ke kawo shi: jini ya hau, fuska ta kumbura, teɓa ta fito, hannuwa da ƙafafu su rame. Abin damuwa a garuruwa irin su Jos shi ne ƙwayoyin ƙiba da man bilicin masu sitiroyid (sinadari mai aiki irin na kotisol) da ake saye ba da takardar likita ba, domin suna iya haifar da shi. Dainawa farat ɗaya ma haɗari ne.

Sauran

Wani ƙari na adirinal, fiyokuromosaitoma, yana zuwa da ciwon kai, gumi da bugun zuciya lokaci-lokaci. Ciwon halittar tayirod da ke maƙogwaro da wasu ƙwayoyin tsarin iyali su ma sukan ɗaga jini.

Bincike

Gwajin jini da fitsari ake fara yi, hoto ya biyo baya. A Filato akan tura irin waɗannan majinyata Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos.