VPN ba ya rage fin haka kawai

Jiya a Agege na ga wani yaro ya kunna VPN, manhajar nan mai ɓoye bayanan intanet ɗinka, zai buga wasan harbi na PUBG, wai don fin (ping) ɗinsa, wato jinkirin netwok a wasan, ya sauka. Haba ƙanina, wa ya faɗa maka? In sabar wasan, wato kwamfutar da ke gudanar da shi, tana Turai, saƙon wayarka sai ya bi kebul ɗin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1 ya je can ya dawo, lokacin da wannan tafiyar ke ɗauka shi ne fin, to in ka saka VPN ka ƙara masa zango ne, sai ya tsaya a sabar masu VPN ɗin tukuna, ga kulle bayanan da yake yi. Inda yake ɗan taimakawa shi ne in kamfanin layinka yana zagaye da kai ta doguwar hanya. Amma in netwok ya cunkushe da daddare kowa na kallon TikTok, wallahi ko VPN na kuɗi ka saya haka za ka yi ta daskarewa ana harbinka.