Kafin Ka Sayi Injin Walda, Tanadi Abin Kare Ido Tukuna

A sashen ido na asibitin da nake aiki, da wuya mako ya wuce ba a kawo mana mutum da sassafe ba, an riƙo shi ta hannu, idanunsa jajur suna zubar da ruwa, yana cewa ji yake kamar an watsa masa yashi. Idan aka tambaye shi aikin da ya yi jiya, amsar ba ta wuce walda. A da yaran masu walda muka fi gani, amma tun da ƙananan injunan walda da ake kira inbata suka cika kasuwa, har magidanta suna sayen nasu domin gyaran ƙofa, murhu ko kejin kaji a gida.

Wannan abin yabawa ne, kuma zaɓen injin ba shi da wahala. Inbata mai amfiya (ma'aunin wutar da injin ke bayarwa) 120 zuwa 160 ta wadatar da aikin gida, domin tana narkar da sandar walda ta milimita 2.5 da ta 3.2, waɗanda 'yan kasuwa ke kira geji 12 da geji 10. Kada manyan lambobin jikin kwali su ruɗe ka, sau da yawa ƙari ne. Duba farantin da ke jikin injin: idan an rubuta kashi 60 cikin 100, ana nufin zai yi aikin minti 6 a cikin 10 sannan ya huta. Ƙaramin janareton fanka da talabijin kuwa ba zai ja shi ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mutum zai je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya ɓata yini yana cinikin inji da waya da ƙarfe, amma da an zo kan garkuwar fuska sai ya ce yana da baƙin tabarau a gida. Malam, baƙin tabarau na rana ne, ba na walda ba ne! Wani ma ko tabarau ɗin ba ya sawa, sai ya ɗana sanda ya runtse ido ya kau da kai, wai ɗinki biyu kawai zai yi. Hasken nan yana ƙona fatar ƙwayar ido cikin ɗan lokaci, kuma zafin ba ya tashi sai bayan awa 6 zuwa 12, shi ya sa mutum ke tashi daga aiki lafiya lau, tsakar dare ya tayar da iyalinsa da kuka. Na san kuɗi ya yi wuya, ban raina ƙoƙarin kowa ba, amma kuɗin garkuwa bai kai ko kusa da na injin ba, don haka wanda ya iya sayen inji ba shi da uzuri.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne yaron da aka ce ya riƙe ƙarfe. Uba ya sa tabarau, ɗa kuwa yana tsugune kusa da wutar, ya ƙura mata ido babu komai a fuskarsa. Haba iyaye, wane laifi yaron ya yi? Ƙunar takan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu, sai mutane su ɗauka wasa ce, alhali maimaita ta shekara da shekaru yana cikin abubuwan da ke jawo yanar ido.

Don Allah a kiyaye waɗannan:

- Garkuwa mai gilashin da duhunsa yake lamba 10 zuwa 12, ko mai duhunta kanta, kuma a canza gilashin da ya tsage.
- Mai riƙe ƙarfe ma a ba shi tasa, yara su bar wurin.
- Farin gilashi lokacin gurza ƙarfe da ɓamɓare dattin walda.
- A yi aikin a fili, nesa da fetur.

Idan kuwa walda ta riga ta kama ido, kada a murza shi, kada a ɗiga nono, ruwan sukari ko ruwan albasa, kada kuma a sayi maganin kashe zafi na ɗigawa a kemis, domin yana hana ciwon warkewa. A ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a kan ido a rufe, a zo asibiti mu duba ko ɓarɓashin ƙarfe ya maƙale a ciki.